Ƙulli Arba'in

Motar ta sauke ni inda kwalta ta ƙare,
saura tafiyar ƙafa, hawa bisa hawa.
A duwatsun Peru iska ma rowa gare ta:
ka ja numfashi, ta ba ka rabi, ta riƙe rabi.
Na isa ina haki kamar wadda aka koro.
Malama Eusebiya ta miƙo min shayin ganye,
ta ce in zauna, dutse ba ya son gaggawa.

Aji ɗaya ne, yara goma sha bakwai,
babbansu shekara shida,
kumatu jawur, sanyi ya tsattsaga su,
huluna masu kunnuwa, takalman tayar mota.
Na zo da alli mai launi, da katunan haruffa,
da jawabin da na haddace a jirgi
kan ilimi gishirin zaman duniya.
Ban samu na yi shi ba.
Wani ɗan yaro, Wilber, ya ja gefen mayafina,
ya yi tambaya, Malama ta fassara ba ta dube ni ba:
"Wai yaushe za ki tafi?"

Ko sannu da zuwa babu.

Sai na lura da bango.
Tafukan hannu ne na fenti, manya, kowane da suna:
wata daga Jamus, wani daga Koriya, biyu daga Kanada,
sun zo, sun yi wasa, sun ɗauki hoto, sun koma.
Na Malama ba ya ciki.
Shekara goma sha tara tana hawo wannan tudu,
ba wanda ya ce ta tsoma hannu a fenti.

Na ce kwana arba'in.
Washegari ya zo da zaren gashin alfaka,
ƙulli arba'in a jiki, kakarsa ta taya shi.
Kullum in an tashi sai ya kwance ɗaya da haƙori,
a gabana, ba fushi, ba dariya,
kamar mai rage bashi.

Na koya musu ƙirge da Turanci, abin da ya kawo ni ke nan.
Suka ce sai na rama da nasu:
huk, iskay, kimsa, tawa.
Na ce wannan kam tawa ce, a garinmu ma akwai ta.
Ta biyar ce ta sarƙe min harshe, aji ya kece,
har Nayda mai kukan safe ta manta da kukanta.
Da rana mu ɓare dankali, baƙi da shuɗi da ja,
ban san dankali na da dangi haka ba.
Na gane wanda ba ya ci sai an kau da ido,
da wadda ke ɓoye rabin burodi don ƙaninta.
Ran da na san su sarai, ƙulli shida ya rage.

An ce zuwa da kai ya fi saƙo. Haka ne.
Ba a dai faɗi abin da komawa ke yi ba
ga ɗan shekara biyar da ya iya ɗebewa
tun ba a koya masa tarawa ba.

Ran ƙarshe aka kawo kwanon fenti.
Na tsoma hannu, na kamo na Malama,
ta zame, ta ce tukunya na jiran ta.
Na manna nawa ni kaɗai, kusa da na Koriya.

Wilber ya kwance na ƙarshe, ya miƙar da zaren,
duk ya kanannaɗe, gurbin kowane ƙulli na nan.
Na buɗe tafi, na zaci kyauta ce.
Ya girgiza kai, ya cusa shi a aljihu.
Malama ta ce, "Wata na tafe ran Litinin."

Na gangaro, iska na ƙaruwa, ƙirji bai saki ba.
Shuɗin fenti bai bar farcena ba sai a Lima.