Kwando a Bakin Taga

Defne, kife wayar nan tukuna,
zo ki riƙe mini bakin igiyar nan.
A'a, ba ta shanya ba ce.
Da ita nake zura kwando daga hawa na uku
can Basmane, tsohuwar Izmir,
in ƙwala wa Hulusi mai kanti kira:
burodi biyu, zaitun rabin awo, ashana!
Ya zuba, in ja.
Kuɗi fa? Littafinsa ne ya sani,
sai ƙarshen wata,
wani watan ma ya manta da gangan.

Yi dariyarki.
Waya ɗaya ce tal a layinmu,
tana kantin magani, jikin sikeli.
In kakanki ya bugo daga Jamus
yaro ake turowa ya sheƙo da gudu,
in sauko, takalmi wari da wari, hannu duk ƙullu,
minti uku: rabi "kana ji na?", rabi kuka,
mai magani na ƙirga ƙwayoyi kamar kurma.
Kafin in koma sama
unguwa ta san an ƙara masa albashi.

Talabijin kuwa sai gidan Mukadder.
Mu talatin, gwiwa na gugar gwiwa,
ɓawon iri ya cika faranti.
Dare na rabawa tuta ta fito,
hoto ya koma yayyafi.
Mai gida ba ta taɓa cewa mu tashi ba,
akwatin ne ke korar mu.

Kar ki ce na ce zuma ce zalla.
Na kwana a layin tukunyar gas.
Wanka sai Lahadi, a baho, gaban murhun gawayi,
ɓawon lemo na ƙonewa a kan murfi
don ya danne warin jiƙaƙƙiyar safa.
Yatsun nan sun tsage da wanki,
har yau suna gaya mini zuwan hunturu.

Wannan? Kaset ne.
Kakanki bai iya rubutu ba,
sai ya zuba muryarsa a ciki, ya ba matafiyi.
Wata biyu tana hanya,
ta iso da tarin da ya riga ya warke.
Fensirin na naɗe zaren ne in rediyo ta cinye shi.
A hankali, yarinya.
Nan wajen ubanki ya danna jan maɓalli,
ya shafe rabin gaisuwa da kukan kyanwa.
Na mare shi. Yanzu wajen na fi so.

Kin ce za ki juye mini shi cikin waya.
To. Wa ke da rediyon?
Na tambayi bene duka, hawa tara,
ban san sunan kowa ba,
su ma ba su san nawa ba.

Bar shi.
Buɗe tagar, mu zura kwandon,
mu ga ko wani zai ɗaga kai.