Mai Riƙon Bakin Igiya

Ni ne mai riƙon bakin igiyar awo,
lissafi na hannun Malama Zinatu.
Ta ce, "Nomau, matsa gabas kaɗan."
Na matsa, na taka inda kunyar gerona take a da.

Nan fa gona ce, kafin jami'a ta yi ƙiba,
ta kwance ɗamara ta nufo Batagarawa.
An biya diyya, ban ce an cuce mu ba,
kuɗin ya zama rufin kwano da babur ɗin Ɗan'asabe,
ni kuwa na dawo cikin rigar ma'aikata
ina ban ruwa a ƙasar da ta san tafin ƙafata.

A takardar Malama kowace bishiya ƙwallo ce koriya,
ba ƙaya, ba cinnaka, ba kashin balbela.
Ta ja hanya miƙaƙƙiya kamar alif
daga ɗakin karatu har ƙofar masallaci,
ta jera benci goma sha biyu a tsakar fili.
Na ce, "Wa zai zauna nan da azahar ɗin bazara?"
Ta ce, "Za mu dasa inuwa."
Na ce, "Inuwa ba ta amsa kira ranar da aka yi shi."

Ga gawo an shafa masa jan fenti,
wato gatari na tafe ranar Litinin.
A gindinsa kakana ke ɗaure jaki,
a gindinsa aka yi mini sakiya ina kuka.
Shi ne mai taurin kai cikin itatuwa,
da damina ya tuɓe, da rani ya sa riga,
ran da kowa ya rasa ganye shi ke da na kyauta.
Na roƙa masa arziki.
Malama ta ciji biro, ta daɗe tana duban sama,
ta lanƙwasa alif ɗinta ya koma nun.

An kawo ciyawa daga Kudu a bayan tirela,
naɗe kamar tabarmar baƙi.
Tanka biyu take sha kafin hantsi,
ɗalibai na layi da bokiti suna harararta.
Wata uku ta yi da mu, ta ƙi garin, ta bushe.
Kirikiri ta leƙo da kanta, ba gayyata,
ta rufe filin, ko kofi ɗaya ba ta nema ba.

Sai ƙafafu suka fara nasu zanen.
An kafa allo: kada a taka.
An ja waya, an sa mai gadi da usur.
Mako shida, ga farar turba ta fito a karkace,
ta bar siminti yana shan rana shi kaɗai.
Na duba, gabana ya faɗi:
hanyar rijiyarmu ce, sak, har kwanarta,
yaran da ba su taɓa jan guga a nan ba
sun tono ta da takalman kanti.

Da la'asar Malama ta zauna kan bulo,
takarda a cinya, tana ƙirga masu wucewa.
Ta kai ɗari da bakwai ta daina.
Ta ce, "Nomau, gobe kawo igiya,
wannan karon kai ne gaba."

Yanzu benci huɗu sun koma ƙarƙashin gawo,
sauran takwas na jiran tsamiyar da na dasa,
tsawonta bai kai gwiwata ba tukuna.
An liƙa wa gawo ɗan faranti mai rubutu,
wata ɗaliba ta karanta mini shi jiya:
suna mai tsawo, na mutanen nesa.
Na ce, "Ba su ambaci jaki ba?"
Ta yi dariya, ta gyara zama,
ta ce, "Baba, wane jaki?"
Na ajiye tiyo, ruwa na zuba,
na fara mata daga kakana.