Saura Mutum Ɗaya

A tashar Ƙofar Ƙaura na ji kira:
"Malumfashi! Saura mutum ɗaya!"
Na ce bari in sha shayi tukuna.
Da na dawo, sai sawun taya.

Yunana ma haka ya yi ta cewa:
"In na gama girbi zan tuba,
in mayar wa Habila gonarsa,
in durƙusa gaban Yesu."
Ran Laraba muka rufe shi,
dawarsa na tsaye, ba a yanke ba.

Ya raina, ranar shari'a
ba ta da ɗan kamasho mai maimaita kira.
Almasihu zai zo ba sallama.
Ajiye kofin nan.
Je ka nemi gafarar ɗan'uwanka
tun rana ba ta faɗi ba.