Taku Uku Gefen Rumfa

Taku uku ne a tsaye, biyu a kwance,
tsakanin katangar maƙwabci da rumfar gora
da Isyaku kafinta ya saƙa mini a Gwammaja.
Ko tabarma ba ta bajewa a ciki.

Mai sayar da dashe a Nasarawa
ya ce in ɗauki mangwaro.
Na ce, Baba, saiwarsa za ta je gaida maƙwabta,
ta tsaga katanga, mu ƙare gaban mai unguwa.

Kabewa uwar mamaya ce,
ka ba ta taƙi, ta nemi ɗakin kwananka.
Inabi na so, wallahi,
sai dai ruwanmu a jarka yake zuwa,
ɗan garuwa kuwa bai san bashi ba.

To, soso. Shi zai hau gorar,
ya yi fure ruwan ɗorawa, ya tare ranar azahar,
in ya bushe ya wanke tukunya.
Zogale ɗaya can kusurwa,
in riƙa sare masa kai
kada ya leƙa gidan mutane.
Na'ana'a a tsohon bokitin fenti,
don in an sake ta yawo take.
Ɗoɗɗoya bakin ƙofa, ita da sauro.

Saura tafin hannu guda.
Talatuwa ta ce attarugu.
Na yi shiru, na dasa lalle,
irin wanda Inna take tsinka
a bayan gidanmu na Yakasai.

Ba mai ƙunshi a gidan nan yanzu.
Ruwan alwalata zai ishe shi.