Tarin Illa

Daren Laraba, in kuran bai yi halinsa ba,
Tsahiru kan jingina wayarsa da gwangwanin madara
a kan teburina, nan Bagalam,
ƴan fada su matso har benci ya yi ƙara.
Sabon kashi ya fito na Ƙadangarun Gulbi.
Shi yake zana su, da yatsa ɗaya,
cikin ɗakin da uwarsa ke shanya gyaɗa.

Ga wani jan gwada, ya sha laya har wuya,
ya shigo fili yana kirari minti tara,
ƙuda ya sauka a hancinsa, sai ga shi ƙasa.
Yara sun ga faɗuwa, sun kwashe.
Mu da muka kwana a layin tikiti shekarar takobi
mun san wa ake nufi. Ba wanda ya kama suna,
ƙaninsa na gefe yana hura shayi.

Kaza da zakara sun haɗu bakin famfo,
kallo ɗaya, sai ruwan sama ba hadari,
kaji arba'in suka ɓullo daga bayan dalbejiya
da zane iri guda, suna juyi,
baki na gaba, magana na biye,
irin na fim ɗin Indiya da aka ɗora wa Hausa.
Cima mai ƙosai ta yi dariya har kasko ya ƙone,
ta ce sai an biya ta.

Akwai akuya mai karanta labarai.
Ta gyara tabarau ta ce yau ba abin da ya faru,
ta sake faɗa da Faransanci, ya fi tsawo.
Akwai bunsuru alhaji, waya uku, kunne biyu.
Har ni ina ciki.
Ni ne kunkurun nan mai buta
da ke ɗaga shayi sama har jirgi ya kauce.
Na ce da Tsahiru wuyana bai kai haka ba.
Ya ce, Kawu, ragewa ma na yi.

To makon jiya ya kawo wani hankaka
cikin tsohuwar mota, lasifika ɗaure da igiya,
yana tallan kwalba guda mai kashe cuta casa'in:
basir, shawara, ciwon baya, bashi.
Zai faɗi kuɗi sai tari ya tare shi,
gajere biyu, dogo ɗaya,
ya ce, Afuwan jama'a, wannan ba ya cikin casa'in.

Fada ta kife. Wani har da faɗowa daga benci.
Ni kuwa cokali ya tsaya mini cikin kofi.
Tarin Illa ne.
Shekara goma sha ɗaya yana ratsa Sabon Gari da shi,
a nan yake karyawa, bashi, kullum gobe.
Damina huɗu ke nan da muka kai shi makwanci,
kuma tarin ne ya kai shi.

Da aka watse na tare yaron.
Ya rantse bai san na kowa ba ne.
Ya ce tun yana ƙarami yake jin abin a kunne,
ya ɗauka haka duk masu magani suke yi.

Da safe na ari wayar, na hau kabu-kabu zuwa Mokoyo.
Habsu na tsince shinkafa a faifai.
Ta kalla. Ta ce a sake.
Na sake. Ta ce a sake.
A na uku ta ajiye faifan,
ta goge ido da bakin zane, kafaɗunta na rawa,
ban iya cewa kuka ne ko ɗayan ba.

Ta miƙo mini wayar ta ce,
Ka gaya wa yaron nan dogon bai kai ba.
Ya ƙara masa kaɗan.