Kwalbar Tagulla

A masana'antar matsar gyaɗa da ke hanyar Tibiri
akwai wani Ba'indiye mai gyaran injuna.
Sunansa Bhaskar, mu dai Baskare muke cewa,
yana amsawa, bai taɓa gyara mana ba.

Bisa teburinsa, tsakanin sifana da gwangwanin giris,
ya jingine hoton wani dutse,
fari fat, kamar an kife ƙwaryar nono a kan duniya.
Na ce, gishiri ne? Ya yi dariya har da tari.
Ƙanƙara ce, in ji shi,
a ƙarƙashinta kogin garinsu ke fitowa
siriri kamar igiyar guga,
kafin ya yi faɗin da mai kira ba ya jin amsa daga tsallake.

Ya faɗi sunan dutsen sau uku,
sunan ya ƙi zama a harshena.
Ba a hawansa, ya ce, kewaya shi ake yi.
Mahaifiyarsa ta kewaya da ƙafa tana da shekara sittin,
ta dawo ba farce biyu,
da ruwa cikin 'yar kwalbar tagulla
wadda aka toshe wa baki da kakin zuma.
Na ranar ƙarshe ne, ya ce. Ɗigo ɗaya a harshe.

Ni na san Wanda nake wa sujada,
ban kuwa ɓoye masa ba.
Amma na tuna zamzam ɗin mahaifina
a ƙasan adaka, cikin tsumman rawani,
sai na yi shiru,
na miƙa masa sifana mai lamba sha bakwai.

Ran nan ya ce: Gulbin naku fa, ina kansa yake?
Shekara talatin da huɗu ina tsallake shi,
na ci tumatirin fadamarsa,
kakata Tabawa ta ba ni labarin shekarar da ya cinye tsohon gari,
amma ban taɓa tambayar inda ya taso ba.
Na ce, kudu dai, wajen Katsina.
Daga wane dutse?
Na ce, namu baƙo ne, Baskare.
Da damina yake zuwa da hayaniya,
ya kwashe gonar wani, ya bar wa wani taki,
kafin a gama sussuka ya shige cikin yashi.

Da bazara zazzaɓi ya kayar da shi.
Kwana huɗu, ga wuta an ɗauke, fanka ta tsaya cak.
Daren na biyar ya nuna min kwalbar da haɓa.
Na kankare kakin da wuƙar yankan farce,
na karkata ta bisa cokali.
Ko ɗigo.
Zafin Maraɗi ya riga shi sha,
sai wani koren tsatsa a wuya.

Ban jira asuba ba.
Na hau babur ɗin Ɗan Jimo na gangara gulbi,
na durƙusa inda mata ke tono,
na haƙa da hannu har gwiwar hannu ta nutse.
Can ya taso a hankali, da sanyinsa,
kamar wanda aka tasa daga barci.
Na tace da bakin riga, na tafasa a butar shayi.

Na ce masa, ba na dutsenku ba ne.
Naku ya ƙafe. Wannan na yashinmu ne.
Ya daɗe yana kallon rufin kwano.
Sannan ya buɗe baki.

Bai mutu ba. Likita ya ce allurar ce, na kuma yarda.
Bayan shekara biyu ya koma gida,
ya bar min hoton da sifanoninsa.
Kwalbar kam ya tafi da ita,
cike, an toshe da sabon kaki daga Madarumfa.

Har yau ban je na ga kan gulbinmu ba.
Ɗan Jimo ya ce in an yi albashi mu tafi,
man fetur ɗin ne dai ya yi tsada.