Raken Dutse

A bayan Bukuru, gefen tafkin da kuza ta bari,
inda ruwan kore ne, ba mai wanka,
can muka kafa inji.
Ni ne mai jera akwati.

Kakana da kwano ya nemi kuza a nan,
ƙugu cikin laka, ido kan baƙin yashi.
Abin da ya gani shi ya ɗauka.
Mu kuwa wanda ba a gani muke bi.

Dalyop ke riƙe da linzami.
Bakin bututu da haƙoran lu'ulu'u, ƙanana kamar tsaki,
yana cin dutse a hankali,
ruwa na sanyaya masa dasashi.
Ƙarfe bisa ƙarfe, mita uku-uku,
har ƙasa ta miƙo sanda doguwa, sumul, mai sanyi:
raken da ba ya taunuwa.

In karɓa, in wanke, in rubuta zurfi.
Ɗari da sha biyu.
Ɗari biyu da arba'in.
Kowace gaɓa shafi ce, Kangyang ke karatu,
ɗan madubi a ido,
wani sa'in har ta lashi dutsen don launi ya fito.

Ran Laraba Alhaji Zailani ya iso daga Abuja,
takalminsa bai san jar ƙasa ba.
Rami shida ya biya, rami shida shiru.
Ya ce, “Kuɗina na nutsewa kamar ruwa a rairayi.”
Kangyang ta ce, “Ranka ya daɗe,
ramin da ya fito wayam ya faɗa maka inda ba za ka gina ba.
Ba a cinikin biri a sama,
balle kuza a ƙarƙashin dutse.”
Ya dubi agogo, ya dubi tafkin.
“Ɗaya. Daga shi na naɗe tabarmata.”

Na bakwai a karkace muka sa shi,
ya ratsa tsaunin ta haƙarƙari.
Kwana goma sha tara.
Gab da asuba kukan inji ya sauya;
Dalyop a tafin ƙafa ya fara ji.
Ɗari uku da sha takwas:
sandar ta zo da nauyin da ya fi girmanta,
baƙin ɗigo-ɗigo, faɗin tafin hannu.

Na buɗe baki zan yi ihu.
Kangyang ta ce, “Jijiya ɗaya ba ta zama jiki.”
Aka tsaga sandar biyu,
rabi ɗakin gwaji, rabi akwatina.
Sati shida kafin amsa.
Alhaji na bugo waya sau uku a yini,
yanzu ramin takwas yake tambaya.

Da dare ni ke gadi.
Nakan ɗaga murfi in ɗora hannu a kanta.
Shekara talatin kakana na taka saman wannan wuri,
ya rasu ana bin sa kuɗin kwano.